Sif Ɗin da Ya Maƙale a Zaure

Benci na roƙa. Ina so wannan ya fara shiga takarda, domin har gobe idan maigidana yana ba da labarin nan cewa yake yi ni na matsa masa lamba sai ya yi mini sif. Abin da na ce masa, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, bai wuce wannan ba: "Malam, gindin adakata ya fara tsatsa. Ka sa a buga mini ɗan benci in ɗora ta, ta rabu da ƙasa."

Adakar akwatin ƙarfe ce ta aurena, baƙa mai zanen jan fure a murfi. Ɗakina ginin ƙasa ne a cikin tsohon gari, ba nisa da Kusugu, kuma gara ta riga kowa zama a gidan. Duk damina sai ta leƙo ta jikin bango ta gaishe mu. Ba atamfofina nake ji wa tsoro ba, su kasuwa cike take da irinsu. A can ƙasan adakar akwai zanen goyon Inna, mahaifiyata. Ita ta kaɗa zarensa da hannunta, ita ta saƙa, aka kai marina aka rina shi baƙi wuluk mai sheƙi. Da shi ta goye ni da ƙannena, da shi na goyi 'ya'yana biyar. Inna ta rasu ba ta bar gida ko gona ba, wannan zanen ne gadona. A lokacin 'yata ta fari tana da cikin fari wata biyar, za ta dawo gida haihuwa kamar yadda aka saba, ni kuma na riga na yi mata alkawarin zanen.

Tsautsayi ya sa roƙona ya zo daidai da dawowar Malam daga wata bita a Kaduna. Malam ma'aikaci ne a sashen tsare-tsare na wata ƙaramar hukuma, yakan tafi aiki Litinin a kan babur ya dawo Alhamis. Shekara ashirin yana zana kwalbatoci a takarda, ban taɓa jin an ce ga wanda ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa ba. A masaukin da aka sauke su a Kaduna ya ga sif na jikin bango, daga ƙasa har rufi, mai ƙofofi da madubi. Ban san abin da aka koya musu a bitar ba, amma sif ɗin nan ya haddace shi tsaf.

"Benci?" in ji shi. "Haba Hajiya, ai duniya ta wuce nan. Matsalarki ba ta benci ba ce, matsalar tsari ce. Ki bar mini komai."

Da na san abin da ke cikin wannan "ki bar mini komai", da bulo biyu na nema na ɗora adakata na yi shiru.

Wannan kuwa shekara ta biyu ce da ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ni ma na yi murna da ita kamar kowa, kuma ban fasa ba. Sai dai akwai masu riƙe addini a zuci, akwai masu rataya shi a ƙofar gida don maƙwabta su karanta. Malam ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya sayo jan fenti ya rubuta BA SHIGA a bangon zaure da manyan baƙaƙe. Gidan da dama ba wani namiji da ke shiga, ban san wa ake kora ba. Abin da ya fi haka, wani maƙwabcinmu ya taɓa shigar da masu gyaran wuta gidansa, Malam ya tsare shi a bakin masallaci ya yi masa nasiha a gaban jama'a har mutumin ya yi kwana uku bai fito hira ba. Wannan nasihar ita ce ƙusar da Malam ya buga wa kansa, ko da yake a lokacin bai ji zafinta ba.

Tsarin ya ci mako uku. Malam ya buɗe fayil, ya rubuta suna a bayansa, ya sayo farin kwali da rula. Ya sa na fito da kayana kaf na shimfiɗa a gado, yana tsaye da biro yana rarraba su gida-gida. Zannuwa nan, hijabai nan, ɗankwalaye nan, kayan sallah daban da na zaman gida. Ya auna tsawon hijabina mafi tsawo don ya san inda sandar rataya za ta tsaya. Ya auna takalmina. Ya tambaye ni sau nawa nake sa leshi a shekara, domin wai abin da ba a yawan ɗauka shi ake kaiwa sama. Gaskiya tambayoyin ba na banza ba ne, har na fara jin daɗi. Ashe mutum zai shekara ashirin da biyu da miji kafin mijin ya san launin tufafinsa.

A mako na biyu ne na lura zanen da ke kan kwalin ya fara sauyawa. Wani dogon gida ya bayyana a dama, aka ce na manyan riguna ne, tunda ninki yana ɓata musu aiki. Ni dai ba na sa babbar riga. Washegari kantoci uku suka fito a sama, na huluna, kowace hula da gurbinta don kada su danne juna. Sai aljihu mai makulli na takardun ofis, sai wurin jakar bita. Kafin mako ya ƙare, sif ɗin da za a yi mini a ɗakina ya zama kashi uku, biyu na Malam, ɗaya nawa, kuma a cikin nawan aka ce za a riƙa ajiye dutsen guga.

Na ce, "Malam, zanen Inna fa, ina gurbinsa?"

Ya duba kwalin sama da ƙasa. "Wannan ai ƙaramin abu ne, ko'ina ya shiga."

Kafintan da za a ba aikin tsoho ne, ya haura saba'in. Abokin mahaifina ne, shi ya buga gadon aurena, kuma ina yarinya ya sha saɓa ni a kafaɗa ya saya mini alewa. Idonsa ɗaya ma farar yana ta rufe shi. Ranar da ya zo, Malam ya shimfiɗa masa tabarma a zaure ya baje masa kwalin, ni kuma ina bayan ƙofar ciki ina jin su.

Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Zane ya yi kyau, Malam. To mu je in ga ɗakin."

"Ai ga ɗakin nan a takarda, Baba. Na auna komai."

"Ɗakin ƙasa ba ya zama a takarda, ɗana. Bangon nan hannu ya yi shi, ƙasa faɗi sama tsuke. Ka ce wa yarinyar nan ta shiga madafa ta ja ƙofa, in leƙa in fito. Ko shan ruwa ba zan tsaya yi ba."

"Baba, ka dai ga abin da ke rubuce a bango."

"Ban yi boko ba, amma an karanta mini. To in yanka shi gunduwa-gunduwa, in zo in haɗa a ciki kana tsaye?"

"Shi ma ai shiga ce. Ka haɗa shi gaba ɗaya a shagonka, a kawo shi a gama."

Tsohon ya kalli ƙofar waje, ya juyo ya kalli ƙofar da nake bayanta. "Ta nan zai wuce?"

Malam ya yi dariya. "Baba, sa guda ya wuce ta nan da babbar sallah."

"Sa yana da wuya, yana lanƙwasa," in ji tsohon. Ya naɗe kwalin ya sa a hammata. "Amma mai abu shi ya san abinsa."

Zauren gidanmu kakan Malam ya gina shi, kuma ya gina shi yadda mutanen da ke gini. Ƙofar waje tana duban gabas, ƙofar ciki kuma tana can kusurwar kudu, gajera, matsattsa, sai ka karya kwana ka sunkuya kafin ka shiga gida. An yi haka ne don mai wucewa a titi kada idonsa ya faɗa tsakar gida. Wato tsohon nan da bai taɓa riƙe fenti ba ya rubuta tasa ba shiga da ƙasa da azara tun kafin a haifi Malam. Malam ya auna bangon ɗakina sau huɗu, ya auna tsayin rufi, ya auna hulunansa. Hanyar da yake bi kullum safe da yamma ce kaɗai bai ɗora wa tef ba.

Ana gobe za a kawo sif, aka samu wata motar kaya za ta Mashi, inda ƙanwar Malam take aure. Malam ya shigo da sauri ya ce in kwashe kayana daga adaka, zai aika mata da ita ta zuba iri. Na ce a bari sif ya shigo tukuna. Ya ce mota ba ta jira, bangon ma ana buƙatarsa a share, kuma wai me zan yi da akwatin ƙauye alhali gobe war haka ina da sif. Ya kawo mini kwalayen taliya guda huɗu, ya ce na kwana ɗaya ne.

A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na shirya kwalayen yadda na saba shirya adaka, yadda Inna ta koya mini: abu mai daraja shi ne a ƙasa, na yau da kullum a sama. Na naɗe zanen Inna a cikin wani tsohon ɗankwali, na sa kafur, na shimfiɗa shi a gindin kwali na farko, na danne shi da atamfofi. Na jera kwalayen a kan bulo a jikin bangon yamma. Raina bai so ba, amma na ce kwana ɗaya ne.

Washegari da hantsi aka turo sif a kan kura, ƙarti shida suna riƙe da shi, rabin unguwa na biye. Ni da maƙwabtana mata muna leƙe ta kafar ƙofa. Kai, abu ya yi kyau, ba zan ci amanar tsohon ba. Ja ne mai ƙyalli, ƙofa uku, madubi a tsakiya tsawon mutum. Malam ya sa farar shadda yana gaba yana nuna hanya da hannu. Aka kwantar da shi, aka karkata, aka yi salati, ya shige ƙofar waje da ƙyar bayan ya ɗebe mata ɗan yaɓe. Sai aka zo kwana.

Aka juya shi dama, ƙafarsa ta tokare bango. Aka juya hagu, kansa ya daki azara. Aka tayar da shi tsaye, ya fi ƙofar ciki tsawo da kamu guda. Aka kwantar, ya fi zauren tsawo in za a karya kwana. Malam yana ta ba da umarni, "Ku ɗaga can! A'a, ku sauke nan!" har gumi ya jiƙa shaddar. Wajen azahar ƙartin suka jingina shi da bangon arewa, suka ce su dai sun kawo. Da aka ce to a fitar da shi a sake shawara, ya ƙi fita, domin babu wanda ya tuna yadda aka karkata shi ya shigo. Tsohon kafinta yana zaune a dakali yana cin goro.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Wani ya ce a fasa ƙofar ciki a faɗaɗa. Yayan Malam, wanda shi ne babban gidan, ya aiko cewa duk wanda ya taɓa ginin kakansu su haɗu a gaban alƙali. Wani ya ce a fasa ta waje a fitar da shi, a ɗaga ta kan katanga da igiya. Aka lissafa aka ga sai mutum goma sun hau katangar, kuma daga can ba tsakar gidanmu kaɗai za su gani ba, har ta maƙwabta biyu. Limamin unguwa da kansa ya kira Malam gefe ya ce masa babu laifi ma'aikaci ya shiga gida in maigida yana nan kuma iyali sun kauce. Malam ya ce ya ji, zai yi nazari. Ni na san nazarin. Maƙwabcin nan da aka yi wa nasiha ya dawo da zaman hirarsa daidai ƙofar gidanmu, kullum yana nan da rediyonsa, yana jiran ranar da kafinta zai ɗaga labule.

Tsohon ya kawo mafita ta ƙarshe. Ya ce zai kwance sif ɗin a nan zaure, inda ba a hana shi zama ba, Malam ya shiga da katakan ya haɗa da kansa. Malam ya ce hakan zai ɓata tsarin. Gaskiyar magana ita ce hannunsa bai san komai ba sai biro, kuma ya san za a ji ƙarar gudumar daga waje a gane.

Haka sif ya zauna a zaure. Mai shiga gida sai ya bi ta gefe yana goga kafaɗa. Sannu a hankali unguwa ta same shi da amfani. Masu sallah a ƙofar gida suka fara ajiye tabarmi a gidan manyan riguna, butoci a ƙasa. Duk mai tafiya ɗaurin aure sai ya ratso ya gyara zaman hularsa a madubi. Kazar maƙwabta ta yi ƙwai bakwai a wurin takalma. Malam kuwa duk Alhamis in ya dawo sai ya goge shi da tsumma, ya buɗe ƙofofin ya rufe, ya nuna wa baƙi yadda makullin ke aiki.

Ruwa ya sauka. Na ce, "Malam, kayana suna cikin kwali, damina ta kama."

"Ana kan magana, Hajiya. Ki ƙara haƙuri."

Nakan ɗaga murfin kwalayen in duba, in ga atamfofi lafiya lau a sama, in mayar in rufe. Ga jarrabawar ɗalibaina a makarantar da nake koyarwa, ga shirin zuwan mai ciki. Sau biyu na yi niyyar juye su gaba ɗaya, sai in ce ai gobe ko jibi za a warware, kada in yi aiki biyu. Mako bakwai ina faɗin gobe ko jibi.

Ranar da aka kawo 'yata, cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura. Ina tsaye a ƙofar ciki na ga ta zo wucewa ta gefen sif ɗin, ta juya ta gefe, cikin ya tokare. Sai da ta ja numfashi ta dafa bango, ƙanwar mijinta tana tura mata jaka ta sama, sannan ta wuce. Ta dube ni tana haki ta ce, "Umma, in naƙuda ta zo ta nan za a fita da ni?"

Ban ce wa Malam komai ba. Litinin da safe, ƙarar baburinsa na ɓacewa, na aiki maƙwabciyata wajen tsohon. Ya zo da guduma da abin zare ƙusa, ya zauna a zaure. Na gaishe shi daga bayan ƙofa.

"Baba, a kwance shi."

"Da izinin maigidan, 'yata?"

"Baba, an ce don ni aka yi shi. To ni na ce a kwance."

Na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Kafin azahar sif ya koma katako. Yana ajiyewa a bakin ƙofar ciki, ni da maƙwabtana biyu muna ja muna kaiwa ɗaki. Ya ware mini falankai huɗu da ƙafafu, ya yi musu alama da alli, yana faɗa mini ta bayan bango wanne zai hau kan wanne. Na bugi yatsana sau biyu, amma kafin la'asar kantoci suna tsaye a ɗakina, a karkace kaɗan, daidai da karkatar bangon.

Sai na juyo kan kwalaye. Na farkon da na ɗaga, gindinsa ya zauna a kan bulo, sama ta taho hannuna. Gara ta fito ta bango ta bayan kwalin inda ido ba ya kai, ta yi gininta a ciki. Atamfofin sama ba abin da ya same su. Na yi ta ɗagawa ina jefarwa a gado har na kai ƙasa. Ɗankwalin da na naɗe zanen yana nan da siffarsa, a ninke yadda na bar shi. Da na sa hannu na ɗauka sai ya marmashe, jar ƙasa ta zubo ta tsakanin yatsuna, fararen ƙwarin suna ta gudu. Abin da ya rage na zanen Inna bakinsa ne na gefe guda, wajen da ta yi wa adon dajiya, faɗinsa bai kai tafin hannu biyu ba.

Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da Inna. 'Yata ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu, ta gani da idonta.

Alhamis Malam ya dawo ya tarar da zaure fayau. Tun daga tsakar gida nake jin muryarsa. "Wa ya taɓa mini sif? Da izinin wa? Kin san wahalar da na sha a kan tsarin nan?" Na fito na kama hannunsa, na buɗe tafin, na ɗora masa guntun zanen. Ya dube shi ya dube ni. Na ga ya gane, domin shi ma a cikin zanen nan ya fara ganin 'ya'yansa biyar a bayana. Bakinsa ya motsa, na ɗauka haƙuri zai ba ni.

"Ai da kin faɗa mini yana cikin kwalin," in ji shi, a hankali.

Washegari ya tafi kasuwa ya dawo da tawul sabo fil a cikin leda, ruwan ɗorawa, mai hoton agwagwa. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce mai shagon ya tabbatar masa ya fi saƙi laushi. Na san iyakar haƙurin da ya iya bayarwa ke nan, na karɓa. Ban yafe ba a ranar, kuma ban yi kamar na yafe ba.

Bayan kwana goma sha tara 'yata ta sauka, namiji. Da ya isa goyo, ni na fara ɗora shi a bayanta, na ja tawul ɗin na ɗaure mata a ƙirji. Yaro ya yi barcinsa, ya yi ƙiba abinsa, bai san ya rasa komai ba. Uwarsa ma yarinya ce, cikin mako biyu ta saba. Ni ce duk sanda ta juya baya sai in ga agwagwar nan tana kallona.